Ranar da Aka Ce In Tsallaka Ma'u

Sallama gare ku 'yan uwa, da masu bina tun farko da waɗanda yau suka faɗo cikin labarin nan. Na ga yadda wasunku suka cika suka batse da Shu'ibu, har wata ta ce da ita ce da tuni ta ɗora masa kayan sa-ranarsa a ka. Ku sassauta. Abin da zan ba ku yau, ni kaina in na tuna shi sai in ji numfashina ya daidaita.

Bari in ɗan koma baya saboda baƙi. Sunana Fanna, 'yar masunci, a bakin kogin Haɗeja aka haife ni, kuma na iya nutso tun kafin in iya ɗaura zane da kyau. Lokacin da nake ba ku labarinsa, naira ba ta daɗe da korar fam da sule ba. Shu'ibu, wanda aka sa mana ranar aure bayan an yanke shinkafa, shi ne mai bayanin majigi. Yaran yanzu ba ku san majigi ba. Mota ce ke zuwa da inji da farin ƙyalle, a kafa a fili bayan magariba, a haska fim kyauta, mutum ɗaya kuma ya riƙe lasifika yana faɗa wa jama'a abin da suke gani. To wannan mutum ɗayan shi ne nawa, da wandonsa mai faɗin ƙafa da agogon da ba ya gajiya da dubawa.

Wani Malam Bakari ya zo daga Kano da kyamara a kafaɗa, wai za a yi fim na gargaɗi a kan tsagiya, ciwon nan da ke sa yara fitsarin jini. An ce daga jikin 'yan ƙananan katantanwa na ruwan kwance ake ɗaukarta. Da yake bakina ba ya ajiye magana, na tambaye shi me zai hana ya ɗauki hoton katantanwar. Ya yi dariya har da dukan cinya.

"Wa zai ji tsoron katantanwa, yarinya? Mace za mu sa, da farin zane da gashi a barbaje, ta fito daga ruwa. Wannan ko babba ya gani sai ya haƙura da wanka a kududdufi."

Shu'ibu ya sha ba ni labarin finafinan tsoro da yake gani a silima in ya je Kano, kuma tun a lokacin na lura aikin mace biyu ne a cikinsu. Ko dai ita ake bi tana ihu tana faɗuwa inda babu tuntuɓe, ko kuma ita ce mai cin mutane. Malam Bakari ya samu duka biyun ba wahala. Ni ce mai cin, Ma'u ƙanwar Shu'ibu ita ce mai ihun.

Babana ya yarda ne don an ce za a shafe mini fuska da farar ƙasa kwaɓe da man kaɗanya, ba wanda zai gane ni. Inna Hajo kuwa, mahaifiyar Shu'ibu, sai da ta sa shi ya rantse ƙafar Ma'u ba za ta taɓa ruwa ba, don kogin nan ya taɓa cinye mata ɗan fari. Shirin shi ne Ma'u ta tsaya a kan gaɓa da ƙwarya, ni in ɗago daga ruwa in miƙa hannu, ita ta ƙwala ihu ta gudu. Amma da na ɗago, yarinyar nan ta tsorata da gaske, santsi ya kwashe ta, ta faɗa cikin gurbi mai zurfi. Na yi nutso na kamo ta ta ƙugu, na jawo ta har kan yashi, na danna mata ciki ta amayar da ruwa. Malam Bakari bai ko ɗaga ido daga kyamara ba. Shu'ibu ya durƙusa yana roƙonmu, ni da Ma'u, kada Inna ta ji. Muka yi masa alkawari.

Ranar da aka haska fim ɗin, abin da gari ya gani daban ne. Ga Ma'u kwance a kan yashi kamar mai barci, ga ni na sunkuya a kanta da farar fuska, na cafke ta, na ja ta da baya da baya cikin kogi har ruwa ya rufe mu. Mata suka yi ta salati. Farar ƙasar da aka ce za ta ɓoye ni kuwa, sai ma ta fito da tsagar kumatuna ras, har wata daga baya ta ce, "La! 'Yar gidan mai bandar kifi ce!" Shu'ibu yana riƙe da lasifika, ya faɗi abin da aka ce ya faɗa: "Ga ta nan, ta kama ta."

Ba a rufa mako ba zazzaɓi ya kayar da Ma'u, kuma ba ta kiran sunan kowa sai nawa. Kun san sauran. A garinmu in mara lafiya ya kama sunan mutum, an gama shari'a. Aka ce jikin Ma'u ya dawo gida amma kurwarta tana hannuna. Aka daina sayen kifin Iyata. Shu'ibu kuma ya ɗauke ƙafa, ko sallama.

To a nan muka tsaya a karon baya.

Da hantsi ina tsakar gida ina juya tarwaɗa a kan wayar banda, hayaƙi ya cika mini ido, sai ga Gwaggo Binta, yayar marigayi baban Shu'ibu. Ba ta shigo ba. Daga bakin zaure ta tsaya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Hajo ta ce a zo da yarinyar nan."

Iya ta miƙe, hannunta duk toka. "A zo da ita a yi mata me?"

"Ke ma kin sani. Ta zo ta saki abin da ta riƙe, kowa ya huta."

Baba yana can Baturiya wajen kamun kifi, ba namiji a gidan. Na ce, "Iya, bar ni in je." Na shiga ɗaki na wanke fuska, na ɗauro atamfata mai ruwan ganye wadda Shu'ibu ya sa a kayan sa-rana, na zizara kwalli, na sa warwarona duka. In za a kira ni mayya, to a kira ni ina tsaf, ba ina warin hayaƙi ba.

Ku fahimci tarkon da nake tafiya cikinsa. Al'adar ita ce wanda ake zargi ya tsallaka mara lafiya, a wasu gidajen ma sai an tuɓe masa zane. In na tsallaka Ma'u ta warke, an tabbatar ni ce na kama ta. Ba ni kaɗai ba, har Iya, don an ce maita a nono ake shanta, har ƙannena, har 'ya'yan da ban haifa ba. In na ƙi kuma wani abu ya same ta, ni na kashe ta. Ta ko'ina aka biyo, aurena ya tafi, sunan gidanmu ya bi shi.

Tsakar gidan Inna Hajo cike yake da mata, har da masu leƙe ta kan katanga. An shimfiɗa wa Ma'u tabarma a ƙofar ɗaki, an lulluɓe ta da bargo duk da zafin da ake yi, ga kaskon turare yana hayaƙi kusa da kanta. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Inna Hajo na zaune ta ɗora kan yarinyar a cinya, idanunta sun kumbura. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta amsa ba, amma ba ta harare ni ba. Kallon roƙo ta yi mini, kuma wannan ya fi harara ciwo.

Shu'ibu yana tsaye a jikin rumbu, kansa a ƙasa, ya bar gemu ya tsiro masa kamar mai zaman makoki.

"Yaya Fanna," Ma'u ta faɗa, ido rufe. "Yaya Fanna."

Tsakar gida ta ɗauki guna-guni. Gwaggo Binta ta tafa hannu. "Kun ji da kunnenku. Ke, ajiye mayafin nan ki tsallaka ta."

Inna Hajo ta buɗe baki da ƙyar. "Fanna, ni ban ce kin sani ba. An ce wani ba ya sanin yana da shi. Ki taimake ni, ita kaɗai ce mace gare ni."

Wallahi saura kaɗan in tsallaka. Har na kai hannu kan mayafi. Sai na tuna Iya tsaye da toka a hannu, na sauke hannuna. Tunda aka fara maganarmu ban taɓa kiran sunan Shu'ibu ba, Malam nake cewa, balle a gaban uwarsa. Ranar na kira.

"Shu'ibu."

Mata suka riƙe baki. Ya ɗago.

"In na faɗa da bakina, za a ce mayya ce ke neman mafita. Kai ne mai bayani. Ka yi wa gari bayani sau ɗaya, to yi wa Inna na biyu."

Ya dube ni, ya dubi Ma'u, ya dubi uwarsa. Sai kawai ya juya ya fice daga gidan.

'Yan uwa, a wannan lokacin na gama da shi. Na ce a raina, Fanna, kin zaɓi wando mai faɗin ƙafa ba kowa a ciki. Gwaggo Binta ta ce, "To, mai ceton naki ya gudu." Ta matso ta kama bakin mayafina. Na riƙe. Muka tsaya ana ja, ita tana Allah ya isa, ni na kafe kamar turke, Ma'u tana ta kirana. Ban san iya lokacin da muka ɗauka a haka ba, na dai san gumi ya jiƙa mini riga har baya.

Sai muka ji ƙugin mota a ƙofar gida.

Shu'ibu ya shigo da gudu ba hula, ya zube gaban Inna Hajo. "Inna, ki taso zaure. Don girman Allah ki taso. In kin gani kin ce ta tsallaka, ni da kaina zan riƙe mata mayafi."

Ashe motar majigi ya je ya ɗauko, ba izinin kowa. Ya toshe ƙofar zaure da tabarmi da barguna har ya yi duhu, ya rataya farin zanen gado a bango, ya tayar da janareta a waje. Aka bar wata maƙwabciya da Ma'u. Mata suka cika zauren, amma inda na tsaya sai da aka bar mini fili kamar mai ƙyanda.

Ya haska daidai wurin. Na sake ganin kaina ina jan Ma'u cikin kogi, na ji tsigar jikina ta tashi, don ni ma tsoron matar nan nake ji. Inna Hajo ta kawar da kai.

"Inna, kada ki dubi Fanna. Dubi sama, can bayan ciyawa. Me kika gani?"

Ya sake haska wurin. Wata tsohuwa ta ce, "Belbela ce."

"Ina ta dosa?"

"Ikon Allah. Da wutsiya take tafiya!"

"Aikin aljanu ke nan," in ji Gwaggo Binta. "Har tsuntsu ya juya."

"Aikin almakashi ne, Gwaggo," in ji Shu'ibu. "A Kano aka yanke wurin nan aka liƙa shi a juye, ƙarshe ya koma farko. Ni ma ban sani ba sai ranar da na gan shi tare da ku. Yanzu zan mayar da injin baya, ku ga yadda Allah ya gani."

Ya murɗa wani abu a jikin injin. Belbela ta miƙe ta tashi da kai kamar kowace belbela. Ruwa ya buɗe, na fito da Ma'u a hannu, ina turjiya da ƙafa, ina jan ta zuwa tudu. Na kwantar da ita a kan yashi. Na danna cikinta. Ruwa ya fito mata ta baki da hanci.

Ba lasifika a hannunsa, amma ya yi bayani. "Ma'u ta faɗa gurbi, Inna. Na rantse miki ba za ta taɓa ruwa ba, ta taɓa, har ta sha. Ni ina tsaye a kan gaɓa, ban iya ruwa ba. Fanna ce ta fito da ita. Ni na roƙe su kada su gaya miki. Da gari ya kama sunanta kuma na yi shiru, don ina tsoronki, ina tsoron aikina."

Inna Hajo ta ce, "Sake."

Ya sake.

"Sake."

Ya sake. A karo na ƙarshe ta matsa har jikin bango, hasken ya hau kan mayafinta, ta kai hannu ta shafa fuskar Ma'u a kan zanen gado. Sannan ta ce, kamar da kanta take magana, "Ranar da ta dawo da zanen da ba nata ba. Idonta jawur, tana tari, ta ce mini ƙura ce." Ta juyo gare ni. "Zanenki ne?"

"Nawa ne, Inna."

"Shi ya sa take kiranki. Yarinyar nan a mafarkinta har yanzu tana cikin ruwa."

Daga nan ban ga tafiyar hannunta ba, ƙarar kawai na ji. Ta ɗauke Shu'ibu da mari, ƙato da shi, a gaban mata. Na so in ji tausayinsa, na duba cikin raina ban samu ba, sai wani sanyi da ya sauko mini har tafin ƙafa.

"Kashe wannan abin. Tunda ka iya satar mota, ɗauki ƙanwarka ka kai ta asibiti."

Gwaggo Binta ta fara, "Hajo, ai duk da haka da an tsallaka ɗin, don a fita shakka..."

"Yaya, in tsallakawa ce ke ba da lafiya, ke ki tsallaka ta. Ba wanda zai ɗaga ƙafa a kan 'yata yau."

Ni na riƙe kan Ma'u a bayan mota, tsakanin gwangwanayen fim da igiyoyin wuta. Jikinta kamar garwashi. Na sa baki a kunnenta na ce, "Ga ni, Ma'u, na fito da ke, kina kan tudu." Ta damƙe mini warwaro ba ta saki ba har muka isa. Malamin asibiti ya duba ta ya ce zazzaɓin sauro ne ya yi mata mugun kamu, ya yi faɗa kamar zai ari baki don an daɗe ba a kawo ta ba. Aka yi mata allura. Kafin la'asar gumi ya karyo mata, ta buɗe ido ta ce tana son kunun tsamiya. Inna Hajo ta yi dariya da kuka a haɗe, ni ma na taya ta.

Na ɗauka shi ke nan. Na gyara mayafi zan kama hanyar gida, sai Inna Hajo ta miƙe ta ce, "Tsaya. Da ƙafa aka zo da ke gaban mutane, da ƙafa zan mayar da ke."

Shu'ibu ya ce ga mota. Ko kallonsa ba ta yi ba.

Ta kama hannuna, ba ta bi gajeriyar hanya ba. Ta cikin unguwa muka ratsa, rana tana nan da sauranta, mutane na zaune a ƙofar gidaje. Duk gidan da ta san matansa sun je kallo da safe sai ta tsaya ta yi sallama da ƙarfi.

"Ku fito ku gaisa da surukata. Ita ce ta tsamo mini Ma'u daga kogi."

Wasu suka fito suna sunne kai, wasu suka ce dama su ba su taɓa yarda ba. Na gane muryar wadda ta fara tona ni a filin majigi, ita ce ma ta fi kowa sa mini albarka. Na amsa da amin, don Iya ta yi mini tarbiyya, amma na haddace fuskarta.

Da muka isa gida, Iya tana zaune inda na bar ta, wutar banda ta mutu, kifin ya ƙone ƙurmus ba ta ko sani ba. Ta gan mu hannu cikin hannu, ta kasa tashi. Inna Hajo, matar da ko a gidan biki sai an shimfiɗa mata darduma, ta durƙusa a ƙasa cikin toka da ƙayar kifi.

"Na zo da ƙafata in ba ki haƙuri. Na ci amanar 'yarki, na ci taki. Kuma tun safe ban sa komai a bakina ba, in akwai sauran tuwo a gidan nan, a ba ni."

Ku da ba ku zauna cikin irin wannan ba, ba za ku san nauyin maganar ba. Ba a cin abincin gidan da ake zargi. Iya ta tashi ta ɗauko tuwon shinkafa da miyar kifi a kwanon samira, ta ajiye. Inna Hajo ta wanke hannu ta ci a tsakar gida, ƙofa a buɗe, masu leƙe suna leƙe. Sai a loma ta uku Iya ta fashe da kuka, irin wanda ta riƙe tun ranar majigi.

Da za ta tafi, Inna Hajo ta ja ni gefe. "Haƙurin da na bayar nawa ne, ban ba da nasa ba. In ya zo, kada ki sayar masa da araha."

Bai daɗe ba kuwa. Ana idar da magariba na ji muryarsa a ƙofar gida, ƙasa ƙasa, ba irin ta mai lasifika ba, yana sallama da Fanna. Iya ta leƙo ɗaki ta ɗaga mini gira.

Ina son sa, kada ku ce na ɓoye muku. Zuciyata har ta kai bakin zaure ta dawo. Amma na tuna kwanakin da na yi ina jiran wannan sallamar ba ta zo ba. Na kwance ɗankwali, na zare warwaro ɗaya bayan ɗaya, na ja zane na rufa.

"Iya, ce masa ina barci."

Kuma wallahi ba ƙarya aka yi masa ba. Kafin Iya ta dawo daga zaure na yi nisa.